Kwalin Babur ɗin Jamus

"Sake faɗa, 'yata, ban ji ba," in ji Shahata, ya toshe ɗaya kunnen da yatsa.

Ya ji sarai. So yake ko a karo na biyu maganar za ta canza. Ba ta canza ba. Yarinyar ofishin kuɗi na asibitin ta maimaita masa da muryar wadda ta gaji da faɗar abu ɗaya tun safe. Ƙwayar da za a sa wa matarsa Awatif a ido daga waje ake kawo ta, da dala ake sayenta, saboda haka kuɗin aiki ya ninka. Guda ɗaya ta rage mai lambar idonta. In ya biya yau kafin su rufe taga da magariba, a yi aiki ranar Litinin. In bai biya ba, akwai masu jira.

"To wata yaushe za ta zo?"

"Hajji, wanda ya san wannan ba a asibiti yake aiki ba."

"Ranar Talata fa kuka sake tabbatar min da farashi da bakinku."

"Talata daban, Laraba daban. Kai ma a ƙasar nan kake."

Ta kashe wayar.

A ƙasar yake mana, ina zai je? Ranar Laraba da hantsi gwamnati ta saki fam, kuɗin ƙasar, ta ce ya je kasuwa ya nemo darajarsa da kansa. Ya nema bai samu ba. Kafin la'asar rabinsa ya zube. Tun daga ranar masu shaguna suka daina manna farashi a jikin kaya, manyan motocin 'yan sanda kuma suka yi layi a kowane dandali na Alƙahira, don ana raɗe-raɗin jama'a za su fito.

Shahata ya zauna a kan kujerarsa ta roba ya dubi teburinsa. Nan yake kasa kaya duk Asabar, a layin bayan tsohon sinima, tun gashinsa yana baƙi. Motocin gwangwani, sojojin dalma, 'yar tsana mai rufe ido in an kwantar da ita, jirgin ƙasa da ya rasa taragu biyu. Kayan wasan yara ne, amma babu yaron da yake saye. Manya ne masu furfura suke zuwa, su tsuguna suna shafawa kamar sun ga ɗan'uwan da ya ɓata.

Abin da ya dame shi ba a kan tebur yake ba. Yana ƙasa, cikin jaka, naɗe da tsohon ɗankwalin Awatif. Babur ne na gwangwani, ƙirar Jamus, ya girmi Shahata kansa. In an wana shi da makulli sai ya zagaya, ya tsaya, mahayin ya sauko ya tsaya gefe, ya sake ɗaga ƙafa ya hau, ya ci gaba. A hannun wani ɗan gwangwan ya same shi, cikin tarkacen gidan wata tsohuwa 'yar Girka da ta mutu ba magaji. Fentinsa na asali, ba wanda ya taɓa. Kuma ga kwalinsa, da hoton babur ɗin a jiki.

Kwalin nan shi ne magana. Yara suna ajiye abin wasa, iyaye mata suna zubar da kwali. Shi ya sa a kasuwar nan babur mai kwali da babur tsirara ba a haɗa su a farashi. Shi ya sa kuma 'yan layin suke da al'adarsu: in an yi ciniki mai nauyi kuma mai saye bai cika kuɗi ba, sai ya tafi da kwali da makulli, mai kaya ya riƙe kayan. Kowa ya riƙe rabin ɗan'uwansa, ba mai iya cin amanar wani. Wa'adi kuma kiran azahar na Asabar mai zuwa. In ya wuce, ciniki ya mutu, a mayar wa kowa nasa.

Asabar da ta wuce Ustaz Makram, wani Kirista tsohon ma'aikacin reluwe da yake zaune a unguwar Shubra, ya yi ciniki a gaban kowa, ya ba da kafin alƙalami, ya tafi da kwali a hammata. Kuɗin da suka yanke daidai yake da kuɗin aikin ido. Da gangan Shahata ya tsaya a kan wannan adadi. Yau kuɗin nan rabin ido zai saya.

"Ammu Shahata, barka da hutawa! Ko dai zaman makokin fam ake?"

Wagdi ne, saurayi mai waya biyu da tabarau a goshi, mai kiransa Ammu, wato baffa. Ba shi da tebur. Hoto yake ɗauka ya tura wa masu kuɗi na ƙasashen waje, kayan su bi jirgi.

"Wuce, Wagdi. Ba ni da bakin wasa yau."

"Ni ma ba wasa na zo ba." Ya sunkuyo ya rage murya. "Babur ɗin nan. Na nuna wa mutumina na Kuwait hoton da na ɗauka wancan mako. Ya haukace. Da kore zai biya, dala tsabarta."

Ya rubuta adadi a fuskar waya ya juya masa. Shahata ba ya karatu sosai, amma lamba ba ta taɓa ba shi wahala ba. Ya buga a ransa da canjin yau. Aikin ido, da magani, har da canji.

"An sayar," in ji Shahata.

"An sayar da fam ɗin makon jiya. Wannan ai sadaka ce, ba ciniki ba. Da kwali da makulli nake so, kuma yau. Akwai mai tafiya gobe da asuba, bayan shi ban san wanda zai yarda ya ɗauki kaya ba. Ka ga yadda gari yake."

Ya yi gaba abinsa.

Fikri, maƙwabcin teburinsa mai sayar da tsofaffin kuɗi na zamanin sarki, ya gama jin komai yana kurɓar shayi.

"Ka ga waɗannan?" Ya nuna takardunsa. "Matattun kuɗi. Yau sun fi na aljihuna lafiya. Gobe na raye zan fara kasawa."

"Fikri, in Ustaz ya zo fa?"

"In ya zo ka miƙa masa, ka yi murmushi, ka je gida ka yi kuka. Duk layin nan ya ga hannunka cikin nasa. Ka janye, ba mai sake barin kwali a wajenka ko ya karɓi naka har ka mutu."

"In bai zo ba?"

"In bai zo ba, Allah ya so ka. Ka dai daina kallon bakin layi haka, kamar mai jiran ɗan sanda."

Bai daina ba. Duk tsohon da ya shigo layin da kwat mai ruwan toka sai Shahata ya miƙa wuya yana leƙen fuskarsa. Ustaz Makram mutumin kirki ne, ya daɗe yana saye a hannunsa, bai taɓa riƙe masa ko kwabo ba. Ga shi yau Shahata yana zaune yana fatan wani abu ya tare mutumin a hanya. Ba ya ce ciwo ba. Wani abu dai.

Kasuwa ta cika da baƙin fuska. Ba masu saye ba ne, masu sayarwa ne. Mutane masu takalma masu tsabta, da ledoji a hannu, suna buɗewa a ɓoye kamar abin kunya. Wani likita da Shahata ya sayar wa motoci a baya ya wuce da akwati, ya kau da kai.

Awatif ta kira, da sunan 'yarsu Huda take kiransa.

"Abu Huda, sun kira ka? An ce komai ya tashi."

"Ba ruwanki da abin da aka ce. Litinin tana nan."

"Muryarka ba ta ce haka ba."

"Ƙura ce. Kin ci abinci?"

"Na zuba gishiri a shayi," in ji ta, ta yi dariya. "Huda ta ce na ƙirƙiro sabon magani."

Bai yi dariya ba. Idonta na hagu aikin araha ne ya cinye shi shekarun baya, shi ya kai ta da ƙafarsa. Na daman ne ya rage, yanar ido kuma ta rufe shi har ba ta gane fuskarsa sai ya yi magana. Ya rantse wannan karon ba za a sa mata na araha ba.

Ladan ya kira azahar.

Shahata bai motsa ba har aka kai ƙarshen kira. Ya dubi bakin layi. Babu kwat mai ruwan toka. Fikri ya tafa hannu sau ɗaya.

"Ciniki ya mutu, Allah ya ji ƙansa. Ni shaida ne. Saura ka karɓo kwalinka."

Shahata ya ciro waya. Ya kira lambar Ustaz Makram. A kashe. Ya sake kira. A kashe. Babur yana hannunsa, amma babur tsirara.

Ya bar wa Fikri tebur, ya rataya jaka, ya yi salla a gurguje a masallacin kwana, ya nufi tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa zai je gidan Ustaz Makram. An ja ƙarfe an rufe, ɗan sanda yana tsaye yana kora mutane da hannu. Ƙananan bas ba sa wuce dandalin Ramsis. Sai ya bi lungu da ƙafa, yana rungume da jakar a ƙirji. A wani shinge wani ɗan sanda ya ce ya buɗe. Ya buɗe ɗankwalin a hankali.

"Mene ne wannan, Hajji?"

"Na jikana ne."

"Mutane na neman burodi, kai kana yawo da wasa." Ya kai hannu zai ɗaga shi ta kan mahayin.

"Kada ka kama ta nan, ranka ya daɗe! Wuyansa ya tsufa."

Ɗan sandan ya dube shi kamar mai taɓin hankali, ya ce ya wuce. Bayan layin dogo ya samu tuktuk, ɗan keke mai ƙafa uku, ya biya ninki bai yi gardama ba.

Ustaz Makram a hawa na huɗu yake. Ya buɗe ƙofa sanye da kwat ɗinsa har da lakataye a wuya, takalma a ƙafa, ƙura har idon sawu.

"Mu'allim Shahata. Shigo. Na san za ka zo."

A kan teburin cin abinci, ƙarƙashin hoton marigayiya matarsa, ga kwalin a zaune bisa farin mayafi, makulli a gefe. Kusa da shi ambulan mai kauri.

"Tun safe na fito," in ji tsohon. "Sau biyu suna mayar da ni a bakin gada. Na ce musu alkawari gare ni kafin azahar. Wani yaro mai bindiga ya ce min, Baba, ƙasa ma ba ta cika nata ba, sai kai?"

"Wayarka a kashe take, Ustaz."

"Ni na kashe ta. Tun ranar Laraba." Ya gyara tabarau. "Tsoro nake kada ka kira ka ce ka fasa. Abin da kunne bai ji ba bai faru ba."

Ya tura ambulan ɗin gaba kaɗan.

"Sun cika. 'Yan dalolin da ɗana ya aiko daga Kanada na canza. Ranar Talata da yamma na canza su, don kada in makara."

Shahata ya dubi ambulan ɗin. Ranar Talata. Da mutumin nan ya yi kasala kwana ɗaya tak, da kuɗinsa ninki ne. Cika alkawari ne ya cinye masa rabi.

Amma tausayi ba ya buɗe ido. Shahata ya tsaya a tsaye, ya ƙi kujerar da aka nuna masa, ya faɗi maganar a miƙe. Azahar ta wuce. Asibiti sun ninka. Wagdi zai biya da dala. Kwalinsa ya zo karɓa. Ya ciro kafin alƙalamin ya ajiye a kan mayafin.

Ustaz Makram ya zauna. Yana murza ɗan gicciyen da ke zane a wuyan hannunsa da babban yatsa.

"Ummu Huda ce?"

"Ita ce. Ido ɗaya ya rage."

"To ai magana ta ƙare. Ƙa'ida tana wajenka, ido ma yana wajenka." Ya nuna jakar da haɓa. "Yana ciki? Bar ni in wana shi sau ɗaya. Mahaifina ya taɓa tsayar da ni gaban irinsa a tagar wani shago, ina ɗan ƙarami. Ya ce wata mai zuwa. Watan bai zo ba."

Duk ɗan kasuwar nan ya san ba a wana tsohon kaya don nishaɗi. Sifirin ɗin ciki, ƙarfen da makulli ke wanawa, ya shekara saba'in. In ya tsinke, an gama. Shahata ya buɗe baki zai ce a'a, idonsa ya faɗa kan ambulan. Ya kwance ɗankwalin.

"Kaɗan, Ustaz. Don Allah kaɗan."

Tsohon ya durƙusa da ƙyar a kan tayil. Makulli ya shiga. Ƙarrr. Ƙarrr. Kowane juyi a cikin haƙoran Shahata yake. Ƙarrr.

"Ya isa!"

Babur ya tashi da ƙugi, ya zagaya ƙafar tebur, ya tsaya cak. Shiru. Sai mahayin ya ɗaga ƙafa ya sauko, ya tsaya kamar mai tunanin inda za shi, ya sake hawa, ya tafi. Ustaz Makram ya yi wata dariya da ba ta dace da furfurarsa ba.

Da hannunsa ya sa babur ɗin a kwali ya rufe. Sannan ya cusa ambulan a aljihun ciki.

"Zan bi ka. Ka san lungu, ni ban sani ba. Kuɗin nan narkewa suke kamar ƙanƙara, gara in sayi ko sojan dalma ne kafin dare. Kuma ina so in ga fuskar wanda zai tafi da shi."

Tafiyar dawowa ta ci rai. Tsoho ba ya sauri, Shahata kuma yana kallon rana tana sauka a kan rufin gidaje. Sun iso layin la'asar ta yi sanyi, wasu har sun fara naɗe kaya.

Wagdi yana zaune a gidan shayin kwana, jakunkuna jibge a ƙafarsa. Ya buɗe kwalin, ya ciro babur ɗin, ya ajiye shi gefe ko kallo bai yi ba. Kwalin ya ɗaga yana juyawa a haske.

"Ammu Shahata, maganar safe ta safe ce."

"Kada ka fara, ɗan nan."

"Wallahi ba wayo ba ne. Duba." Ya zuge jaka ɗaya. Babura biyu, irinsa sak, kwance a cikin jarida. "Na likita ne wannan, wancan na wani alƙali mai ritaya. Duk wanda ya ɓoye abu a kabad ya fito da shi yau. Na waje sun ji ƙamshi, sun san muna cikin wuta, kowa ya zauna yana jira mu ƙara saukowa. Babur yanzu kamar tumatir ne. Amma ba wanda ya kawo kwali. Mutumina kwali kawai yake so."

"Kwali ba komai a ciki?"

"Ba komai."

Ya rubuta sabon adadi. Shahata ya buga a ransa, ya sake bugawa. Ya yi ciniki, ya yi zagi, ya tashi zai tafi, Wagdi ya ƙara kaɗan ya rantse da kabarin uwarsa. Duk da haka bai kai ba. Ya wuce rabi, amma bai kai ba. Asibiti kuma ba sa sayar da rabin ƙwaya.

Ya koma ya zauna. Babur ɗin yana kan tebur tsakanin kofunan shayi, tsirara.

Ambulan ya sauka kusa da shi.

"Wannan na sayarwa ne?" in ji Ustaz Makram.

Fikri ya matso, wasu 'yan layi biyu ma sun matso. Duk sun san abin da ke cikin ambulan, don a gabansu aka yanke. Duk kuma sun san farashin babur marar kwali, balle yau da ya zama tumatir. Shahata ya dubi ambulan, ya dubi fuskokinsu. Yana iya yin shiru ya ɗauka. Hannunsa har ya fara tafiya.

"Ustaz, ba kwali bai kai wannan ba. Ko rabi bai kai ba. Ga Wagdi nan, zai ba ka nasa da araha."

"Zan ba ka mana, Ustaz," in ji Wagdi da sauri.

"Wa ya tambaye ka?" Tsohon bai ko dube shi ba. "Mu'allim, takardun nan ma ba su kai abin da aka rubuta a jikinsu ba. Wannan na wana, wannan na sani. Kwali kuwa mako guda ina zaune da shi, ko sau ɗaya bai zagaya tebur ba. Ɗauki ka tafi, rana tana faɗuwa."

Shahata ya ɗauka. Bai yi godiya mai tsawo ba, don bai iya ba. Ya ce Allah ya saka, ya yi tari ya ɗora wa ƙura.

Wagdi ya ba shi nasa da fam a canjin yau, don ba mai son a kama shi da kore a shinge. Sannan ya shiga naɗe kwalin da auduga, ya ƙara roba, ya ƙara tawul, kamar jariri sabon haihuwa. Babur ɗin kuwa ledar burodi Fikri ya samo wa Ustaz Makram.

Shahata ya cusa kuɗin cikin riga, ya ɗaure da ɗankwalin Awatif a ciki, ya kama hanya. In lissafinsa daidai ne, sun kai, da ɗan abin hawa mota. In farashin safe yana nan. Asibitin yana ƙetaren kogi, gada kuma ba wanda ya san ko a buɗe take.

Ya kai bakin titi ke nan waya ta yi ruri a aljihunsa. Ya ciro. Lambar asibiti ce.

Ya tsaya yana kallonta tana haske a tafin hannunsa. Wata motar 'yan sanda ta wuce da jiniya. Farashin da aka gaya masa da safe shi ne farashin da ya sani, kuma da shi zai tsaya a gaban taga.

Ya danna ya kashe wayar gaba ɗaya, ya mayar aljihu, ya ƙara sauri.